Jirgin Shayi a Jikin Makulli

A shekarar 1866, jiragen ruwa biyu masu filafilai, Ariel da Taeping, suka taso daga Fuzhou ta ƙasar Sin ɗauke da sabon ganyen shayi. Bayan kwana 99 suka isa Landan, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai sa'a guda ba. A 1869 aka buɗe mashigin Suwes, jiragen tururi suka ƙwace cinikin. A shekarar ce kuma aka ƙera Cutty Sark, wanda yau yake girke a Greenwich, ana rataya ƙaramar siffarsa a makulli don tunawa. Abin da ke damuna shi ne, siffar ta adana kyawun jirgin, amma matuƙan da suka hau dogayen sandunansa cikin guguwa, sunayensu sun ɓace daga bakin jama'a.