Daga tabarmar Kalley zuwa ɗakin fiɗa na karkara

A tsofaffin gidajen Kalley akwai wata tabarma da ba a cika naɗe ta ba. Ta baƙin ƙauye ce. Duk wanda ya taso a unguwar ya san su: dattijo ya sauko daga mota da almuru, ƙura har gira, da kaza biyu na gaisuwa a hannu, a bayansa mace tana jan ƙafa da ƙyar ko yaro a saɓe a kafaɗa. Maigida ya tarbe shi, "Sannu da hanya, Kawu. Yaya mai jiki?" Shi kuma ya ce, "Da sauƙi, ɗana," alhali da akwai sauƙin da bai sayar da akuyarsa ya yi kuɗin mota ba. Da asuba a nufi Babban Asibitin Yamai, da la'asar a dawo da doguwar takardar magani, a zauna a zaure ana lissafin jika nawa ta rage.

Ba banza ba wannan nauyi ya faɗo wa Kalley. Tana cikin ƙauyukan da Yamai ta tsiro daga gare su, ita da Mawrey da Gaweye da Zongo, sunanta kuma ya samo asali daga Kalle, wani reshe na Zabarmawa. Da Faransawa suka ɗauke babban birni daga Damagaram suka dawo da shi bakin kogin Isa a 1926, gari ya buɗe, fatake da masu sana'a suka cika unguwar, Hausawa da yawa a cikinsu. Kowane gida yana da reshe a wani ƙauye, a Arewa ko Boboye ko Adar. Asibiti kuwa a birni yake. Saboda haka tarihin kiwon lafiyar karkara a Nijar, in aka dube shi daga zauren Kalley, tarihi ne na ƙoƙarin rage baƙin wannan tabarma.

Zamanin Turawa, ɗan Nijar da zai koyi aikin likita sai ya tafi Dakar, inda aka buɗe makarantar horar da likitocin Afirka a 1918. Bayan samun 'yanci a 1960 ma hanyar ba ta sake ba: Dakar, Abijan, Faransa. Ƙasa mai faɗin da ya haura murabba'in kilomita miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, likitocinta kuwa 'yan ƙalilan, galibinsu ma baƙi. Dabarar da aka fara da ita a yankin Maraɗi cikin shekarun 1960 ita ce a bar ƙauye ya zaɓi mutuminsa, a koya masa 'yan kwanaki, a damƙa masa akwatin magani: na zazzaɓi, na ciwon kai, na wanke miki, na ɗigawa a ido. Ungozoma kuma aka koya mata tsafta wajen yanke cibi. Wannan ya riga taron Alma-Ata na 1978 da duniya ta yi a kan kiwon lafiya matakin farko, kuma abin alfahari ne. Sai dai akwatin yana da iyaka. Ba ya ciro jaririn da ya gitta a ciki, ba ya kwance hanjin da ƙaba ta shaƙe.

A ƙarshen 1970 aka buɗe gadar Kennedy, ta haɗa tsohon gari da Harobanda, hayin kogi inda jami'a take. Shekara ɗaya bayan haka, a 1971, aka kafa cibiyar ilimi mai zurfi wadda ta zama Jami'ar Yamai a 1973, ƙarƙashin shugabanta na farko, Boubakar Ba. Makarantar koyon ilimin lafiya ta biyo baya a 1974, ta zama cikakkiyar tsangaya bayan shekara goma, asibitin Lamorde ya zama wurin koyon aiki. A 1992 aka sa wa jami'ar sunan Abdou Moumouni, masanin nan na makamashin rana haifaffen Tasawa, wanda ya shugabance ta ya kuma rasu a 1991.  

Jami'a ta fara yaye likitoci, sai dai yaye likita daban, kai shi Loga ko Bilma daban. Wanda ya shekara bakwai ko takwas yana karatu a Yamai, ya yi aure a Yamai, ba ya ɗokin garin da babu lantarki. Ga kuma talaucin gwamnati a shekarun 1980 da 1990, da karyewar darajar sefa a Janairun 1994. A wannan tsakanin ne aka gwada tsarin biyan kuɗin magani a gundumomin Boboye da Say, daga baya aka shimfiɗa shi a ƙasa baki ɗaya. Magani ya samu a kanta, amma mai hannu da shuni ne ke kaiwa gare shi. Da shugaba Tandja Mamadou ya zo, shirinsa na musamman ya gina ƙananan ɗakunan shan magani wajen 2,000 a ƙauyuka daga 2001, sannan a 2005 da 2006 aka yafe kuɗin fiɗar haihuwa da na jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Wani bincike da Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka ta yi tare da hukumar ƙididdiga ta Nijar, wanda mujallar Lancet ta buga a 2012, ya nuna mutuwar ƙananan yara ta sauko daga 226 cikin kowane dubu a 1998 zuwa 128 a 2009.

To, amma me ake da fiɗa kyauta in babu mai yin fiɗar? A nan ne, a ganina, Jami'ar Yamai ta yi aikin da ya fi kowanne taɓa mutumin ƙauye, aikin da kuma ba a cika ambatonsa ba.

A 2005 Ma'aikatar Lafiya da tsangayar likitanci suka yanke shawarar kai tiyata asibitocin gunduma. Ƙwararren likitan fiɗa yana buƙatar ƙarin shekaru bayan ya gama karatun likita, kuma waɗanda ƙasar take da su a lokacin yawancinsu a Yamai suke. Jiran a samu isassu kamar jiran gawon shanu ne. Sai aka ɗauki likitan gama-gari, wanda ke duba kowane irin ciwo a gunduma, aka ba shi horo na wata goma sha biyu a kan ayyukan da suka fi kashe mutane in an yi jinkiri: ciro jariri, ɗinke mahaifar da ta yage, gyaran ƙaba, da makamantansu. Ba Nijar ce ta fara ba. Mozambik ta bi irin wannan hanya tun 1984, har ma da ma'aikatan da ba likitoci ba. Kuma a ko'ina aka yi hakan sai an samu masu cewa an raina sana'a, an ba yaro wuƙa. Damuwarsu tana da tushe, don ciki ba abin wasa ba ne. Amma matar da naƙuda ta kwana biyu a kanta, aka ɗoro ta a amalanke daga ƙauye zuwa bakin kwalta, ba zaɓi take yi tsakanin farfesa da ɗalibinsa ba. Zaɓinta tsakanin wannan likita ne da kilomita ɗari da wani abu na hanya. Binciken lafiyar jama'a na 2006 ya ƙiyasta mata 648 ke rasuwa cikin kowace haihuwa 100,000 a Nijar, a ƙasar da mace ke haihuwar 'ya'ya bakwai a matsakaici a lokacin.

Abin da ya ƙara wa shirin daraja shi ne malaman sun koma sun auna aikin hannunsu. Farfesa Rachid Sani da abokan aikinsa suka bi asibitocin gunduma uku na jihar Doso daga Janairu zuwa Disamban 2007, suka buga sakamakon a wata mujallar likitocin fiɗa ta duniya a 2009. An yi wa mutum 544 aiki. A cikinsu 206 na gaggawa ne, kashi 70 cikin ɗari na waɗannan kuwa fiɗar haihuwa ce. Sauran 338 ayyuka ne da aka sa wa rana, kashi 80 da ɗoriya na ƙaba ne, ciwon manomi da mai ɗaukar kaya, wanda mutum kan ɓoye shekara da shekaru a cikin babbar riga saboda kunya. A waɗanda aka sa wa rana babu wanda ya mutu. A na gaggawa kashi 7 da 'yan kai sun rasu, kuma marubutan ba su ɓoye ba. Adadin majinyatan da ake turawa babban asibitin Doso ya ragu da kashi 82 cikin ɗari in aka kwatanta da 2005. Kowane majinyacin da ba a tura ba, akuya ce da ba a sayar ba, gona ce da ba a bari ba ana tsakiyar noma.

A wannan jiha ta Doso kuma aka yi wani haɗin gwiwar da ya fi wancan suna a duniya nesa ba kusa ba. Asalinsa yaƙi da amodari ne. An daɗe ana raba wa ƙauyuka maganin azithromycin saboda wannan ciwon ido, sai masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko suka lura a Habasha cewa inda aka raba shi yara ba sa mutuwa kamar inda ba a raba ba. Don a tabbatar, aka shirya babban gwaji mai suna MORDOR daga 2014 zuwa 2017 a ƙasashe uku, da kuɗin gidauniyar Gates. A Nijar an yi shi a Boboye da Loga, tare da Cibiyar Carter da shirin ƙasa na lafiyar ido wanda Farfesa Amza Abdou, malami a Jami'ar Abdou Moumouni, ya jagoranta. Sau biyu a shekara ma'aikata ke bin gida gida, su ƙidaya yara daga wata ɗaya zuwa wata 59, su auna ƙaramin a sikeli, babban a jikin sanda mai zane, su ba shi magani a baki. Wasu ƙauyukan na gaske suke samu, wasu mai kama da shi, kuma ko mai rabawa bai san wanne ne a hannunsa ba. Da sakamako ya fito a 2018, mutuwar yara ta ragu da kashi 13.5 a ƙasashen uku a haɗe, a Nijar kuwa da kashi 18, fiye da Malawi da Tanzaniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a kansa a 2020, amma ta taƙaita shi ga jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya. Gwaji na biyu, AVENIR, a ƙauyuka 3,000 na Doso da Tawa, ya nuna a 2024 cewa amfanin ya fi fitowa in an ba duk yaran har zuwa shekara biyar: ragin kashi 14.

Ba ƙaramin abu ba ne a ce ƙauyukan Boboye sun sa an sake lissafi a Hukumar Lafiya ta Duniya. Amma akwai abin dubawa. Su kansu masu binciken sun gano ƙwayoyin cuta suna ƙara taurin kai ga maganin inda aka yawaita shi, bashi ne da wani zai biya nan gaba. Sannan kuɗin daga waje yake, maganin daga waje, ranar da mai bayarwa ya janye hannu motocin ƙidaya za su daina shiga ƙauye. Makwabtanmu na Najeriya sun ga irin haka: aikin binciken cututtuka na Malumfashi, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta yi da makarantar Libaful ta Ingila a shekarun 1970, ya bar ilimi mai yawa a rubuce, amma da wa'adinsa ya cika ya tashi. Likitan da aka koya wa fiɗa kuwa, ilimin yana hannunsa, ba ya komawa da baƙo.

Matsalarsa ita ce shi ma yana iya tashi. Masu binciken zamantakewa na cibiyar LASDEL, wadda aka kafa a Yamai a 2001, su Jean-Pierre Olivier de Sardan da Mahaman Tidjani Alou da abokan aikinsu, sun shekara da shekaru suna zama a asibitoci suna rubuta abin da ido ya gani: yadda mai uwa a gindin murhu ke samun canjin wurin aiki ya dawo birni, yadda jinkirin gwamnati wajen biyan kuɗin jinyar kyauta ya bar kantunan magani na ƙauye fayau, yadda majinyacin da bai san kowa ba ke wuni a benci. Ɗakin fiɗa kuma ba likita kaɗai ba ne. Yana son mai sa barci, da jini a ajiye, da injin wuta mai mai a ciki. In ɗaya ya ɓace, an koma gidan jiya, an koma motar Yamai.

Yanzu Maraɗi da Damagaram suna da nasu tsangayoyin lafiya, don haka ɗan Madarunfa ko Matameye yana iya zama likita bai ƙetare gadar Kennedy ba. Abin da ya rage wa Ma'aikatar Lafiya da jami'o'in shi ne su koma gundumomin nan su sake ƙidaya kamar yadda aka yi a 2007: likita nawa cikin waɗanda aka horar ke nan a inda aka tura su, ɗaki nawa ke aiki da dare. Su kuma duba abin da binciken Doso ya nuna tun wancan lokaci, cewa kashi biyu cikin uku na waɗanda ake turawa gaba a lokacin masu karaya ne, aikin da horon wata goma sha biyu bai ɗauke ba. Da yawan baburan da ke kan hanyoyin karkara a yau, waɗannan su ne baƙin da Kalley za ta ci gaba da shimfiɗa wa tabarma.