Fasfon da Ke Magana Daga Cikin Aljihu

Da safiyar ranar 6 ga Nuwamba 1914 aka harbe Carl Hans Lody a Hasumiyar Landan. Hafsa ne a rundunar ruwan Jamus, bakinsa ya faɗa da Turancin Amurkawa, kuma ya shiga Birtaniya a farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya yana leƙen asirin jiragen yaƙi a kusa da Edinburgh. Takardar da ta buɗe masa ƙofa ba jabu ba ce. Fasfo ne na gaske, mallakar wani Ba'amurke mai suna Charles Inglis, wanda ya miƙa shi ga hukuma a Berlin yana neman izinin fita, daga nan bai sake ganinsa ba. Fasfon ba shi da hoto. Duk wanda tsayinsa da shekarunsa suka yi kusa da abin da aka rubuta yana iya amsa sunan Inglis.

Kafin shekarar ta fita Amurka ta wajabta manna hoto. Birtaniya ta bi sahu a 1915, ta ƙara da siffanta goshi da hanci da haɓa da launin ido. Turawa da dama abin ya ba su haushi, domin a sanin da suka yi ɓarawo ake ɗauka hoto a siffanta masa hanci. Sun kuma saba da yawo hannu rabbana: tun da jirgin ƙasa ya yawaita, Faransa ta daina neman fasfo a wajen 1861, maƙwabta suka kwaikwaya, har ya zama mutum zai tashi daga Landan ya ratsa Yammacin Turai ba wanda ya tambaye shi takarda. Rasha da Daular Usmaniyya ne suka riƙe tsohon tsari.

An ce wa jama'a matakin yaƙi ne, in an zauna lafiya za a janye. A 1920 Ƙungiyar Ƙasashe ta yi taro a Paris ta tsara fasfo a siffar ɗan littafi mai shafi 32, tana kuma fatan sannu a hankali za a koma yadda ake kafin yaƙi. Ba a koma ba.

Abin da ya koya wa Turai tsoron takardar shaida ya zo ne bayan shekara 18. Ranar 5 ga Oktoba 1938 gwamnatin Hitler ta ba da umarnin a buga jan harafin J a fasfon kowane Bayahuden Jamus. Wannan ya biyo bayan tattaunawa da Suwizalan, wadda ke son jami'anta na kan iyaka su gane Bayahude da kallo ɗaya su mayar da shi. Sai a 1995 shugaban Suwizalan ya nemi gafara. A Holan kuwa abin ya fi muni. Ƙasar tana da rajistar jama'a mai tsari, har da addinin kowa, kuma a zamanin mamayar Jamus aka fito da katin shaida mai hoto da zanen yatsa wanda ke da wuyar yi wa jabu. Kusan kashi 75 cikin 100 na Yahudawan ƙasar aka kashe. A Maris 1943 'yan gwagwarmaya suka cinna wa ofishin rajista na Amsterdam wuta, don sun gane cewa maƙiyi da takarda yake farauta. Wanda bai san wannan ba zai yi mamakin yadda Jamusawa da mutanen Holan ke tayar da jijiyar wuya a kan zanen yatsa.

Daga nan fasfo ya koyi magana da na'ura. A 1980 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, mai mazauni a Montreal, ta fitar da ƙa'idar layuka biyun nan da ke ƙasan shafin hoto, masu haruffa da lambobi da alamomi kamar bakin kibiya, kowane layi gurbi 44. Malesiya ce ta fara saka ƙwayar kwamfuta a cikin fasfo a 1998. Da abin ya tsaya can, da ya daɗe yana zaman sha'anin Malesiya, amma harin 11 ga Satumba 2001 ya sauya lissafi. A 2002 majalisar Amurka ta yi doka cewa ƙasashen da 'yan ƙasarsu ke shiga Amurka ba biza sai sun fara ba da fasfo mai ɗauke da siffar jiki, aka kuma ƙare da sanya wa'adin 26 ga Oktoba 2006. Beljiyam ta fara a 2004, Jamus a 2005, Birtaniya da ita kanta Amurka a 2006.

Ƙwayar tana cikin bango ko cikin shafin hoto, irin wadda ke jikin katin ATM, sai dai ita ba a zura ta cikin komai. An kewaye ta da siririyar eriya. Ba ta da batir, ba ta hulɗa da tauraron ɗan adam, kuma ba ta iya cewa uffan sai na'urar karatu ta kusanto ta ba ta wuta ta iska. An tsara ta ne ta yi aiki a tazarar da ba ta wuce santimita 10 ba. A cikinta akwai suna, ranar haihuwa, lambar fasfo, hoton fuska, a wasu ƙasashe da zanen yatsu, sai sa hannun lantarki na ƙasar da ta bayar.

Rigima ta tashi ne a Amurka a 2005, kuma gwamnati ce ta jawo ta da hannunta. Ma'aikatar harkokin waje ta so ta fitar da ƙwayar a buɗe, ba kulle, hujjarta ita ce duk abin da ke ciki an riga an buga shi a shafi. Ta manta cewa shafi sai an buɗe ake karantawa. Da ta nemi ra'ayin jama'a, saƙo 2,335 ta samu, kashi 98.5 cikin 100 na adawa. Akwai masu tsoron ɓarawon suna, akwai masu tsoron a tsinci Ba'amurke cikin taro a ƙasar waje, akwai kuma masu ganin alamar dabbar da littafin Ru'ya ta Yohanna ya ambata. A wani taro a Seattle cikin Afrilu, Barry Steinhardt na ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU ya nuna wa Frank Moss, jami'in da ke kula da fasfo, cewa ana iya jin ƙwayar daga nesa fiye da yadda ma'aikatar ke faɗa. Aka ja da baya. Aka saƙa ƙarfe a cikin bango don ya toshe sigina in fasfo yana rufe, aka kuma karɓi kullen da Jamusawa suka ba da shawara.

Dabarar kullen mai sauƙi ce. Makullin yana rubuce a layukan nan biyu: lambar fasfo, ranar haihuwa, ranar ƙarewar wa'adi. Sai na'ura ta karanta su da ido kafin ƙwaya ta yarda ta yi magana, wato sai mai fasfo ya miƙa shi da kansa. Matsalar ita ce makulli irin wannan ana iya cankarsa. A lokacin Holan tana ba da lambobin fasfo a jere, don haka kamfanin Riscure ya nuna cewa wanda ya naɗi hirar ƙwaya da na'ura zai fasa kullen cikin kamar awa biyu da kwamfutar gida. A 2007 masu bincike na jami'ar Louvain suka gano cewa fasfon Beljiyam na farko-farko, daga 2004 zuwa tsakiyar 2006, ba kulle ma sam.

Shekarun nan kasuwar masu kutse ta ci. A taron Black Hat na 2006 a Las Vegas, Bajamushe Lukas Grunwald ya kwafi ƙwayar fasfonsa zuwa wani kati. A taron dai wani kamfani ya nuna bidiyon mutum-mutumi ɗauke da fasfo a ɗan buɗe, yana wucewa kusa da kwandon shara abin fashewa ya tashi. A 2008 Jeroen van Beek ya haɗa ƙwaya mai suna da hoton mawaƙi Elvis Presley, wanda ya mutu tun 1977, wata na'ura a filin jirgin Schiphol ta karanta ta nuna shi ba gardama. Mujallar Wired har shawara ta ba masu karatunta cewa in za su kashe ƙwayar, guduma ta fi, domin murhun microwave yana barin tabon ƙuna.

Duk da armashin waɗannan, binciken da ya fi taɓa zancen bin sawu bai yi amo kamarsu ba. Masana a jami'ar Nijmegen sun lura cewa ko ƙwaya ta ƙi buɗewa, yadda take cewa a'a ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka daga ƙin amsawarta ana iya gane ƙasar mai ita. A 2010 Tom Chothia da Vitaliy Smirnov na jami'ar Birmingham suka wuce nan: in an taɓa naɗar hirar fasfo da na'ura sau ɗaya, ana iya sake gane wannan fasfon daga baya ba tare da makulli ba, daga irin amsar da yake bayarwa ko ɗan jinkirin da yake yi. Wannan bin sawu ne na gaske. Amma sai an dasa na'ura dab da aljihun mutum, a bakin ƙofa misali, kuma Tarayyar Turai ta koma wa sabon kulle mai ƙarfi daga ƙarshen 2014. Akwai wanda aka karanta daga cikin mota a San Francisco a 2009, da kayan dala 250, amma shi katin ƙetare iyakar ƙasa ne na Amurka, wanda da gangan aka yi shi mai dogon zango. Ba littafin fasfo ba ne, ko da yake labari ya gauraya su. Mai son bin mutum a titi, wayar da ke ɗaya aljihun ta ishe shi.

Yayin da ido ke kan ƙwaya, babban al'amarin yana bayan kanta, wato inda hoto da yatsu ke kwana bayan an ɗauka. Holan ta yi doka a 2009 ta tara zanen yatsun masu neman fasfo a rumbu ɗaya na ƙasa. Jama'a suka kai ƙara, a 2011 gwamnati ta janye. A Mayu 2009 Suwizalan ta kaɗa ƙuri'ar raba gardama kan sabon fasfo da rumbunsa, masu goyon baya suka tsira da kashi 50.1. Wani lauya Bajamushe, Michael Schwarz, ya ƙi ba birnin Bochum yatsunsa aka hana shi fasfo. A Oktoba 2013 Kotun Turai ta ce ɗaukar yatsu bai saɓa doka ba, amma ta nuna cewa ƙa'idar ta tanadi a ajiye su ne a cikin fasfon da ke hannun mai shi. Faransa kuwa a 2016 ta haɗe bayanan fasfo da na katin ɗan ƙasa a rumbu guda da ya shafi kusan mutum miliyan 60.

Rumbu kuma yana yoyo. A fashin bayanan otal-otal na Marriott da aka bayyana a 2018, lambobin fasfo fiye da miliyan 5 suka fita ba kulle, ba kuma wanda ya kusanci aljihun kowa. A 2021 na'urorin ɗaukar yatsu da ƙwayar ido na sojan Amurka suka faɗa hannun Taliban. Abin dariya ma, a 2018 sanatoci biyu, Ron Wyden da Claire McCaskill, suka tona cewa jami'an kan iyakar Amurka sun fi shekara 10 ba su da manhajar tantance sa hannun da ke cikin ƙwayar, alhali Amurka ce ta tilasta wa duniya ita.

Najeriya ta shiga sahu a 2007, cikin na farko a Afirka. Damuwarta a lokacin jabu ce, irin ta 'yan Oluwole a Legas, da mutum ɗaya mai fasfo uku da sunaye uku. Ba a yi wata muhawara mai zafi kan sirri ba. Mai neman fasfo abin da ya dame shi layi ne da ƙarancin littafi. Yanzu sai da lambar NIN ake samun fasfo, lambar da kuma aka ɗaura wa layin waya. Dokar kare bayanai ta zo a 2023. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta ce ta samu shafukan intanet da ke sayar da bayanan 'yan ƙasa a kan naira 100, hukumar NIMC mai kula da NIN ta musanta cewa an kutsa rumbunta.

Sauyi na baya-bayan nan ya shafi hatimi. Ranar 12 ga Oktoba 2025 ƙasashen Schengen suka fara sabon tsarin shiga da fita ga baƙi, ciki har da 'yan Najeriya da Nijar da Ghana. A da tarihin tafiyar mutum yana shafukan fasfonsa, shi ke riƙe da shi, in littafin ya cika ya jefa a akwati. A sabon tsarin tawada za ta kau. Hoton fuska da zanen yatsu da ranar shiga da ranar fita da ƙofar da aka bi za su zauna a kwamfutar Tarayyar Turai shekara 3, wanda kuma ya zarce wa'adin zamansa shekara 5.