Talaka a Cikin Zane: Daga Makarantar Zariya Zuwa Iyakar Magama

Magama ƙaramin gari ne a ƙasar Jibiya, cikin Jihar Katsina, a bakin iyakar Nijeriya da Nijar. Nan ne matafiyi ya ke rabuwa da ma'aikatan kwastan na Nijeriya kafin ya isa Ɗan Isa, daga can ya zarce Maraɗi. Duk wanda ya tsaya can da hantsi, ran da hanya ta ke buɗe, zai ga 'yan dako suna sauke buhuna, karen mota yana ɗaure kaya, 'yan canji na lissafin naira da sefa, mai shayi na fifita wuta. Waɗannan su ne masu riƙe da cinikin iyaka, amma ba safai a ke samun labarinsu cikin littattafan tarihi ba. Abin da wannan takarda ta ke bincike shi ne matsayin irin waɗannan mutane cikin tarihin zanen hoto a ƙasar Hausa, watau wa ya zana su, da wane ido ya dube su, mene ne kuma ya kuɓuce masa.

Kafin a shiga batun, ya kamata a tuna iyakar nan ƙanwar hanyar ce. Bayan jihadi, wajen 1807, sarakunan Haɓe na Katsina suka yi arewa, daga baya suka zauna a Maraɗi, ga shi kuwa fatake ba su daina zirga-zirga tsakanin garuruwan biyu ba. Sai tsakanin 1906 da 1908 ne Manjo O'Shee na Ingilishi da Kyaftin Tilho na Faransa suka bi daji suna kafa alamun iyaka. Tun daga sa'an nan aka sami wata sabuwar sana'a, ta ɗaukar kaya daga wannan mulki zuwa wancan, da dukan ƙananan sana'o'in da su ke raɓe da ita.

Zana talaka a bakin aikinsa bai cika samun daraja ba ko a Turai. Da, manyan masu zane sarakuna su ke zanawa, da jarumawa, da labarun addini. A 1849 wani Bafaranse, Gustave Courbet, ya zana wani tsoho da wani saurayi suna fasa dutse a gefen hanya, tufafinsu a yayyage, ya kuma yi zanen da girma irin wanda a ke keɓe wa manya. Mutane da yawa suka ga abin rashin kunya ne. Honoré Daumier kuma, wajen 1862, ya zana fasinjojin tarago mai araha a cikin jirgin ƙasa. A Amurka, Robert Henri da John Sloan da George Luks da 'yan'uwansu suka nuna ayyukansu a New York cikin 1908, da yawansu hotunan lunguna ne da gidajen haya da mashaya. Daga baya aka laƙaba musu suna na ba'a, wai masu zanen garwar shara, sunan kuwa ya bi su. A Afirka ta Kudu, Gerard Sekoto ya zana zaman baƙar fata a unguwar Sophiatown. Gwamnatin wariyar launi ta soma rushe unguwar a 1955, har ya zama yau zanensa na cikin shaidun da suka rage na yadda ta ke. Wannan shi ne babban amfanin irin wannan zane ga masanin tarihi: yana ajiye abin da babu wanda ya zaci zai ɓace.

A ƙasar Hausa, idon farko da ya bar hoto a takarda na baƙo ne. Heinrich Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, ya shigo Katsina da Kano a farkon 1851. Cikin littafinsa da aka soma bugawa a 1857 akwai hoton birnin Kano daga kan Dala, wanda wani mai zane, Bernatz, ya gyara daga zayyanar da Barth ya yi. Barth ya yi bayanin saƙa da rini da cinikin Kano da kyau ƙwarai, amma da alƙalami ya yi shi. A hoton, birni a ke gani daga nesa, mutane kuwa ƙanana ne, an sa su ne don a gane girman wuri.

Ido na biyu na 'yan makaranta ne. A 1955 aka ƙaurar da sashen koyar da zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya daga Badun zuwa Zariya, kwalejin da ta zama tushen Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Yawancin malaman Turawa ne, tsarin koyarwa kuma na Ingila ne. A 1958 waɗansu ɗalibai suka kafa Ƙungiyar Zane ta Zariya, cikinsu akwai Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo. Manufarsu ita ce su riƙe dabarar da suka koya wurin Bature, su haɗa ta da gadon kakanninsu. Ba su ce za su kwafi zahiri ɗungum ba, don haka ba daidai ba ne a jera su sahu ɗaya da Courbet. Duk da haka, da suka ɗaga kai daga littafin Bature, mutanen da su ke gani a titi da tasha ne suka faɗo cikin zanensu.

A 1959 Nwoko ya zana mabarata a cikin jirgin ƙasa. Bai ƙawata su ba, bai kuma nemi mai kallo ya ji daɗi ba, alhali kuwa ƙasa na shirin bikin samun mulkin kai. Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, garin ma'aikatan reluwe, ya yi wani zane a 1961 ya sa masa suna Juma'a. Jimo Akolo, mutumin Egbe, wanda ya yi karatu a Kwalejin Keffi, abokin karatunsu ne ko da ya ke bai bi su cikin dukan manufar ƙungiyar ba. Shi ne ya fi su mai da hankali ga mutanen Arewa, a 1961 ya zana makaɗin Hausa. A wannan shekara ƙungiyar ta watse, don manyanta sun gama karatu.

Akwai abu guda da ya kamata a lura da shi. Cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar nan babu Bahaushe ko ɗaya. Saboda haka abin da ya fi jan idonsu shi ne abin da ke baƙo gare su: babbar riga, rawani, doki, kalangu, taron Juma'a. Waɗannan gaskiya ne, amma gaskiyar ranar ado ce. Leburan da ya ɗora buhu bisa buhu har dalar gyaɗa ta tashi a Kano, shi bai sa rawani ba, ido kuwa ya kan tsallake wanda bai yi ado ba.

To, me ya sa Hausawa da kansu ba su riga kowa wannan aiki ba? Dalili na farko shi ne malamai da yawa suna ƙyamar zana surar mai rai, saboda haka gwanintar hannu ta bi ta wata hanya, ta zayyanar Alƙur'ani, da aikin riga da hula, da sassaƙar ƙwarya, da adon bango. Ko nan ma zamani ya kutsa kai, gama magina a Zariya da Kano sun riƙa sa siffar keke da mota a fuskar gida. Dalili na biyu, wanda ya fi ƙarfi, shi ne Bahaushe ya riga ya sami wata hanyar zana talaka, watau harshe. Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya rasu a Karaci ta ƙasar Gana a 1934, ya tsara waƙa a kan talauci da wadata. Baba ta Karo ta ba Mary Smith labarin zamanta, aka buga shi a 1954. Ɗan Maraya Jos, da ɗan kuntiginsa, ya yi wa karen mota waƙa. Aikin da buroshi ya yi a Faransa da Amurka, a nan baki ne ya yi shi.

Ido na uku na mai zanen bakin hanya ne, shi ne kuwa ya komo da batun Magama. Manyan motoci masu bodin katako da su ke bin hanyar Kano da Katsina da Maraɗi suna ɗauke da zane a goshi da ƙeya. Masu yinsa ba su shiga kwaleji ba, wurin ubangida suka koya, da fentin gwangwani su ke aiki, su ne kuma su kan rubuta allon mai aski da na mai gyaran taya. Su kam 'yan gida ne, tare su ke cin abinci da direba da ɗan kamasho. Abin mamaki, da aka ba su buroshi ba su cika zana buhu da gumi ba. Zaki su ke zanawa, da gaggafa, da doki, da masallaci mai koriyar ƙubba, da jirgin sama, sa'an nan a rubuta addu'a ko karin magana. Ashe mai wahala ba ya biyan kuɗi a nuna masa wahalarsa, abin da ya ke so a zana masa shi ne ƙarfin da ya ke fata da wurin da ya ke burin zuwa. Masanin tarihi da ya iya karanta wannan zai san zuciyar ma'aikaci, amma ba zai ga yadda ya ke aiki ba.

Ke nan kowane ido da gibinsa. Baƙo ya hangi birni bai ga mutum ba, ɗan makaranta ya ga mutum cikin adonsa, mai zanen mota ya ga burin mutum. Gibin nan kuwa ba ƙaramin abu ba ne, don zaman iyaka ba shi da tabbas. An rufe iyakokin Nijeriya daga 1984 zuwa 1986. An sake rufe su a watan Agusta 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilu 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka kuma rufewa, har Maris 2024. Kowace rufewa takardun gwamnati sun ajiye ranarta da dalilinta. Yadda ɗan dako ya wayi gari babu kayan ɗauka, da inda mai shayi ya mai da teburinsa, wannan babu ofishin da ya ke rubuta shi. Zanen mota ma ba ya daɗewa, rana ta kan cinye shi, bodi ya ruɓe a yi itacen wuta da shi. Ko zanen Courbet na masu fasa dutse ya ƙone cikin yaƙi a 1945, hotonsa da aka ɗauka ne kaɗai ya tsira.

Saboda haka akwai aiki biyu a gaban jami'a da makarantun horon malamai. Na ɗaya, a ɗauki hoton zanen motoci da allunan sana'a, a rubuta sunan mai zane da garinsa da shekara, tun masu yi suna da rai. Na biyu, malamin zane ya fita da ɗalibansa daga aji zuwa kasuwa da tasha, da iznin masu sana'a, su zana yadda a ke ɗaure kaya, da yadda a ke awo, da kayan aikin kowa. Wanda ya ke da uzuri na addini game da sura ya zana amalanke da sikeli da rumfa, su ma shaida ne. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Sarakuna suna da maroƙa da marubuta masu ajiye sunansu, ɗan dakon Magama kuwa sai wanda ya tsaya ya dube shi da kyau.