Da Wa Zai Kwana?

Ya ke 'yar'uwa, duk uwar da ɗanta ya gagare ta takan ji 'yan'uwa suna cewa, "Ki kai shi gidan horo kawai ki huta." To amma ba kasafai ake tsayawa a yi tambaya ɗaya ba: in dare ya yi aka ja ƙofa aka kulle, da wa yaron zai kwana?

Wannan tambaya ta girme mu. A Ingila da can, yaron da ya saci burodi kurkuku ɗaya ake jefa shi da ƙattin ɓarayi, ya shiga da ɗan laifi ya fito gwani. A 1902 ne suka fara ware samari a wani gidan yari da ke ƙauyen Bostal, daga nan sunan ya bi duk irin waɗannan gidaje. Dokar yara da matasa ta fara aiki a Legas a 1943, ta iso Jihar Arewa a 1958. A 1962 aka buɗe gidan Bostal na Kakuri, can ƙetaren kogin Kaduna, don samari 'yan shekara 16 zuwa 21. Su Turawan ma sun soke tsarin Bostal ɗinsu tun 1982, mu dai sunan ya zauna mana.

Hikimar ita ce rarrabewa. A 1990 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idojin da aka tsara a Habana ta ƙasar Kuba, cewa yaron da aka tsare a raba shi da manya, kuma da zarar ya shigo a zauna da shi a binciki halinsa kafin a ba shi makwanci. Shekarunsa nawa? Ya girman jikinsa? Mafaɗaci ne mai cin zalin na ƙasa da shi, ko kuwa shi ne ake cin zalinsa? Yana farfaɗiya? Yana shaye-shaye? An taɓa lalata da shi? Ke kanki, uwargida, ba kya rufe 'yan tsaki a akurki ɗaya da muzuru. Sau da yawa yaro mai shiru-shiru, wanda ba ya iya kai ƙara, shi ya fi kowa zama cikin haɗari, kuma shi ne mai gadi ba ya lura da shi, tunda ba ya ba kowa wahala.

Amma gidajen gwamnati kaɗan ne, kuma mutanenmu na jin kunyar kotu. Sai iyaye suka riƙa kai 'ya'yansu gidan mari da ƙafarsu, har da biyan kuɗi.

A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka kai samame wani gida a Rigasa, suka fito da mutum sama da 300, yawancinsu yara da samari. Wasu da mari a ƙafa, wasu bayansu duk tabon bulala. An samu 'yan ƙananan yara a cakuɗe da magidanta masu gemu, kuma cikin waɗanda aka ceto akwai waɗanda suka ce an yi lalata da su. Wasu ma daga Mali da Burkina Faso aka kawo su. Wallahi ba duk iyayen nan ne marasa imani ba. Da yawa neman shiriya suka je yi. Abin takaici, shekara ɗaya kacal kafin nan, a 2018, Jihar Kaduna ta kafa dokarta ta kare haƙƙin yara.

Aka kwashe su zuwa sansanin alhazai na Mando, iyaye suka yi ta zuwa neman nasu. Wata bai cika ba aka sake buɗe wani gidan a nan Rigasa, aka fito da mutum 147, wannan karon har da mata, a cikin watan da aka bankaɗo irinsu a Daura da Katsina da Zariya.