Daga Baƙin Akushi Zuwa Teburin Falo: Tarihin Shafen Katako a Lafiya

Duk wanda ya taɓa sa kafinta ya haɗa masa teburin cin abinci ya san tambayar da ke zuwa daga ƙarshe: me za a shafa masa? Tambayar ta girmi teburin kansa.

Kakanninmu a kan tabarma suke cin abinci, tuwo a cikin akushi. Masassaƙi zai fafe icce da gizago, ya babbake shi har ya yi baƙi, sannan a murje shi da mai, kamar man kaɗanya. Man yakan shige cikin iccen, miya da ruwa su kasa ratsa shi da wuri. In ya bushe, uwargida ta ƙara shafawa. Shi ya sa akushi ɗaya kan ga jikoki. Sun kuma san icce: kirya don turmi saboda taurinta, maɗaci da maɗobiya don kayan da ake so su daɗe.

Tebur ya yaɗu ne a zamanin Turawa, ta hanyar ofisoshi da makarantu. Layin dogon da ya taso daga Fatakwal ya ratsa Lafiya zuwa Kafanchan a shekarun 1920, ya sauƙaƙa shigowar katako da kayan kanti daga kudu. Cikin kayan shafen wancan zamani akwai shalak, wani ƙaro da ƙwaro ke fitarwa a jikin bishiyoyin Indiya, ana narka shi da sifirit. Yana da sheƙi, amma kofin shayi mai zafi ko ɗigon ruwa kan bar masa farin tabo. A shekarun 1920 ɗin kuma kamfanin DuPont na Amurka ya fito da fentin fesawa mai saurin bushewa don motoci, masu kayan katako suka ɗauka. A 1937 Otto Bayer ya ƙirƙiro foliyuretan a Jamus, wanda daga baya ya zama banish mafi jure ruwa da zafi a cikin waɗanda ake shafawa da burushi.

Da aka ƙirƙiri Jihar Nasarawa ranar 1 ga Oktoba, 1996, Lafiya ta zama babban birni. Ma'aikata suka tare, kasuwar kafintoci ta buɗe, ido ya koma kan ƙyalli. To amma yanayinmu ba ya raga wa ƙyalli. Da damina katako ya sha laima ya kumbura, da hunturu ya tsotse. In ɗanye ne aka rufe shi da banish, ba a daɗewa sai ka ga ya tsage yana ɓarewa.

Ga kuma wata damuwar. Maɗobiya ta sha sara don kai wa ƙasar Sin, har aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu tun farkon 2017. Yau galibi malaina ake samu, wadda ba ta kai ta ƙarfi ba. Wanda ya dace da katako mai kyau, amana ce a hannunsa.

Darasin da tarihin nan ya bar mana a fili yake. Da farko a tabbata katakon ya bushe sarai. In akwai yara a gida, ana yawan zubar da miya, foliyuretan ya fi: a shafa sau 3, ana gogewa da samfefa mai laushi a tsakani, har ƙarƙashin teburin, don kada ya karkace. A ba shi kamar wata guda kafin ya gama ƙanƙamewa. Wanda ya fi son hanyar kakanni, ya nemi man linsid, wanda ke bushewa a cikin katako, ya riƙa sabuntawa duk shekara. Man gyaɗa kuwa ba ya bushewa, danƙo da wari zai jawo. Tsumman da aka shafa linsid da shi a baza shi a waje, domin in aka dunƙule shi yana iya kamawa da wuta.

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Kafin ka biya kafinta, tambaye shi tun yaushe aka yanka katakon, da kuma abin da ke cikin gwangwanin.

Allah ya sa albarka a abin da za mu ci a kai.