Asalin Kalma: Heidi

Jamusawa "Haidi" suke furta shi, kuma a da ba cikakken suna ba ne, taƙaitaccen Adelheid ne, kamar yadda Fati take ga Fatima. A tsohon Jamusanci, "adal" na nufin asali ko martaba, "heit" kuwa iri ko ɗabi'a. Ke nan Adelheid 'yar asali ce.

Littafin Heidi na Johanna Spyri, 'yar ƙasar Suwizalan, wanda ya fito a 1880, shi ya sa sunan ya tsaya da ƙafarsa. Amma ni birnin Adelaide na Ostareliya ya fi burge ni: sunan matar Sarki William na Huɗu na Ingila ya ci, ita kuwa Bajamushiya ce, Adelheid aka raɗa mata.