Yadda zaman gida ke gina basirar lissafi ga ƙananan yara

Tun kafin yaro ya shiga firamare, yakan koyi wani abu na lissafi a gida: ƙidaya, bambance mai yawa da kaɗan, da gane cewa lambar ƙarshe da ya ambata ita ce adadin abin da ya ƙirga. Wannan tushe yakan bi yaro har cikin karatunsa na gaba.

A shekarar 2007, Greg Duncan da abokan aikinsa sun nazarci bayanan manyan bincike 6 daga Amurka, Birtaniya da Kanada. Sun gano cewa lissafin da yaro ya shiga makaranta da shi ya fi iya karatu da natsuwarsa nuna irin ƙwazon da zai yi nan gaba.

Daga ina bambancin ke fitowa? Wani nazari da Susan Levine ta jagoranta a Jami'ar Chicago a 2010 ya bi diddigin yara 44 masu watanni 14 zuwa 30 a gidajensu. A tsawon lokacin da aka saurare su, wasu iyaye sun ambaci lambobi sau 4 kacal, wasu kuwa har sau 257. Yaran da suka fi jin lambobi sun fi gane ma'anarsu da suka kusa cika shekara 4.

Talauci yana rage wa yaro dama, amma ana iya cike giɓin. Robert Siegler da Geetha Ramani sun sa yaran iyalai masu ƙaramin ƙarfi a Amurka yin wasa a kan allo mai gidaje jere daga 1 zuwa 10. Zama 4 kaɗai ya inganta ƙidayarsu da kwatanta lambobi.

Halin iyaye ma yana da tasiri. Wani bincike na 2015 ya nuna cewa iyaye masu fargabar lissafi, idan suna yawan taya yara aikin gida, sukan shafa musu wannan fargaba.

Duk wannan ba ya buƙatar kuɗi. Uwar da ke ƙirga mudun shinkafa tare da ɗiyarta, ko uban da ke sa ɗansa lissafa canji bayan aike, ko ya koya masa dara, sun fara koyar da lissafi ke nan.